Iya Ruwa Fid da Kai: Tarihin Horon Jiki a Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako a Birnin Kebbi cikin watannin hunturu ba zai rasa cin karo da wasu mutane ba, ɗai-ɗai ko a jere, suna sassarfa a gefen titi, ba abin da ya koro su, ba kuma abin da suke bi. In ya leƙa filin wata makaranta da la'asar, mai yiwuwa ne ya iske yara cikin fararen tufafi, sun sha ɗamara, suna naushin iska bisa umurnin malaminsu. A cikin waɗannan watanni dai, in ya dubi talabijin, zai ga Turawa suna faɗawa cikin ruwa mai ƙanƙara domin tara kuɗin taimako. Waɗannan abubuwa uku, watau gudun sha'awa da kareti da wankan sanyi na taimako, baƙi ne a ƙasar Hausa, shi ya sa har yanzu wasu dattawa suke yi musu kallon aikin wanda ya rasa abin yi.

To, amma baƙuncinsu bai kai yadda ake zato ba in aka zo kwarin Rima. A Argungu akwai wata rana da dubban maza sukan sheƙa da gudu su faɗa gulbi gaba ɗaya, kuma a makon nan ne akan yi dambe da kokawa da gasar iyo da ta nutso. Wannan maƙala za ta bi tarihin horon jiki a ƙasar Kabi, ta kwatanta shi da tarihin baƙin wasannin nan uku. Abin da take son nunawa shi ne, horon jikin Kabawa a cikin sana'a ya rayu, saboda haka duk abin da ya raunana sana'ar zai raunana shi, alhali kuwa baƙin wasannin sun yaɗu ne domin sun bar hannun masu sana'a sun sami masauki a makaranta da ƙungiyoyin gama-garin mutane.

2.0 Matsalar kalma

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu tsaya kan wata kalma. Hausa tana da wasa da gasa da tsere da horo, ta kuma karɓi fareti da atisaye daga barikin soja, amma ba ta da kalma guda da ta yi daidai da abin da Ingilishi yake nufi da amateur, watau mutumin da yake yin wasa domin son wasan kawai, ba domin ya ci abinci da shi ba. In muka ce ɗan koyo mun rage masa daraja, domin yana iya zama gwani. A nan za mu kira shi ɗan sha'awa.

Rashin kalmar ba gazawar harshe ba ce, domin ita kanta ma'anar tana da tarihin da ba namu ba. A Ingila ta ƙarni na 19 ne masu hali suka raba 'yan wasa gida biyu don kada su yi gasa da talakawa. Ƙungiyar tseren kwale-kwale ta 'yan sha'awa, wadda aka kafa a 1882, ta haramta shiga gasarta ga duk wanda yake aikin jirgi domin kuɗi, har ma da duk wanda yake cin abinci da aikin ƙarfi, kuma sai a 1937 aka janye sharaɗin aikin ƙarfin. Da za a ɗora wannan doka a kan Argungu, da babu masunci ko ɗaya da zai cancanci riƙe filafili a ranar gasa. Ke nan mai nazari ya yi hattara, kada ya auna wasannin Kabawa da mudun da aka sassaƙa musamman domin fitar da irinsu.

3.0 Ruwa da yaƙi a tarihin Kabi

Daular Kabi ta tashi ne a farkon ƙarni na 16, lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas. Labarin baka ya nuna tun Kanta yana saurayi ya yi fice a dambe da kokawa, kuma da ƙarfin damtsensa ya fara tara mabiya. Ko da ba za a iya tabbatar da kowane ɓangare na labarin ba, abin lura shi ne Kabawa sun zaɓi su tuna da wanda ya kafa daularsu a matsayin gwanin fage. Haka kuma ana ba da labarin jirginsa na ruwa wanda aka lulluɓe da tagulla, abin da yake nuna matsayin gulbi a idon sarautar tun daga tushe. Kanta ya gina birnin Surame, wanda kufansa yana nan har yau, daga baya kuma, a farkon ƙarni na 18, aka mai da gadon sarauta Birnin Kebbi.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ja da baya, daga bisani suka yi sansani a Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna har ya sami hanyar ta da tawaye a 1849. Daga nan har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, in aka ɗebe sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a shekarun 1860 kuma bai kai shekara goma ba, Argungu ba ta daina gwabzawa da Gwandu da Sakkwato ba.

Abin da ya taimaki ƙaramin gari ya jure wa manyan maƙwabta biyu tsawon rabin ƙarni, har da yanayin ƙasarsa. Argungu tana bakin faffadar fadama wadda takan cika da ruwa da damina, ta zama shamaki ga doki. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri, iyo da nutso da tuƙin jirgi da tafiya cikin taɓo ba wasa ba ne a wurinsa. Da su yake kama kifi, da su yake kai wa gonarsa ta shinkafa, da su kuma yake tsira ranar hari. Yaro yakan koye su a bayan ubansa, ba wanda ya keɓe masa lokaci ya ce yau ranar motsa jiki ce. Haka Sarkawa, masuntan da ake danganta su da Kabi, suka bazu a gaɓar Kwara da Binuwai da wannan gado.

4.0 Shekarar 1934 da haihuwar buki

Tun kafin jihadi Kabawa suna da al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda da su ake buɗe lokacin su, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Ruwa da Homa. Amma bukin da duniya ta sani a yau ana ƙirga farkonsa ne daga 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta zama alamar binne gabar da ta haura shekara 100. Abin da Kabawa suka zaɓa su karrama baƙonsu da shi shi ne gagarumin su a gulbi. Ƙwarewar da jiya ake tsare gari da ita daga Sakkwatawa, ita ce yau aka baje a gaban Sarkin Musulmi domin ya yi kallo. A wannan rana ne sana'a ta fara zama abin nuni a Kabi.

Tsarin babbar ranar su sananne ne. Akan hana kamun kifi a Matan Fada tsawon shekara domin kifi ya taru ya girma. Ranar buki masunta sukan yi sahu nesa kaɗan da gaɓa, kowa da homarsa, wadda a wasu karuruwan Hausa ake kira koma, da kuma babban gora wanda yake zame masa abin hawa a kan ruwa da ma'ajin kamu. Da jin ƙarar bindiga sai su kwasa da gudu su afka ruwa, su yi kamar awa ɗaya suna fafatawa, makaɗa na bin su cikin jirage. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi, galibi giwan ruwa, shi ne zakara. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75.

Ga mai nazarin horon jiki kuwa, kabanci ya fi babbar ranar muhimmanci. Kabanci, kamar yadda sunan ya nuna, shi ne nuna halin Bakabe a cikin ruwa: tseren jirgi, da gasar iyo, da iyo a kan gora ko da tulu, da daɗewa a nutse, da kamun kifi da tsurar hannu, da kamun agwagwar ruwa. Kowane ɗaya daga cikinsu wani yanki ne na aikin masunci aka ciro aka mai da shi gasa. Da tafiya ta yi tafiya hukuma ta shigo. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarci bukin, aka yi ta ƙara masa rassa irin su nunin amfanin gona da tseren motoci, aka kuma ƙara girman kyaututtuka. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 bukin ya zama tambarinta, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

5.0 Gudu

Bahaushe ya san gudu, amma gudu mai dalili. Zagi yana gudu a gaban dokin sarki, ɗan aike yana gudu da saƙo, mafarauci yana bin nama, yara suna tsere da langa a dandali. Baligi mai mutunci kuwa ba ya gudu a bainar jama'a, domin natsuwa a tafiya tana cikin alamun kamala. Saboda haka wanda ya ga magidanci yana sassarfa a titi ya tambaye shi ko lafiya, ba izgili yake yi ba, al'ada ce take magana.

Gudu da sauran wasanni marasa dalilin sana'a ta ƙofar makarantar boko suka shigo. A zamanin mulkin mallaka akan yi tsere da tsalle-tsalle na 'yan makaranta a Ranar Daula, 24 ga Mayu. Birnin Kebbi ma tana da nata gurbi a wannan tarihi, domin a can da Katsina ne wani jami'in ilmi, Hogben, ya shigo da wasan fayif a shekarun 1920, watau wasan buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Wasan 'ya'yan manyan Ingila ne, ba shi da wata alaƙa da rayuwar Bahaushe, amma da yake ya sami bango da malami da lokaci a cikin jadawalin makaranta, sai ya yi saiwa a Arewa, har Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan misali, domin za mu komo gare shi.

Gudun gama-gari irin wanda ake gani a titi yau ya fi wannan ƙuruciya, ko a Turai. Arthur Lydiard ne ya kafa ƙungiyar masu sassarfa a Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1960, domin magidanta masu neman lafiyar zuciya. Bill Bowerman ya gani ya kai dabarar Amurka. A gudun yada-ƙanin-wani na farko na birnin Niyu Yok a 1970, mutum 127 ne suka tashi, 55 suka kai ƙarshe. Na Landan ya fara a 1981, ya kuma zama babbar hanyar tara kuɗin taimako, na Legas na yanzu kuwa a 2016. Tsawon irin wannan gudu kilomita 42 ne da 'yan kai, watau bai kai nisan Birnin Kebbi zuwa Argungu ba, tafiyar da ta haura kilomita 50, wadda kakanninmu suke yi a ƙasa da kaya a ka. Abin da ya canza shi ne, mota da kujerar ofis sun ɗauke wa jiki wahalar da ya saba, sai aka koma ana nemo ta da gangan.

6.0 Kareti da dambe

Kareti a tsibirin Okinawa ya samo asali, inda ake koyar da shi a tsakanin malami da 'yan almajirai ƙalilan. A farkon ƙarni na 20 Anko Itosu ya yi ƙoƙari har aka shigar da shi makarantun tsibirin, bayan ya sauƙaƙa shi ya tsara shi daki-daki yadda yara za su iya. Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya nuna shi a Tokiyo a 1922, ya zauna can yana koyarwa, jami'o'i suka kafa ƙungiyoyinsa. An aro fararen tufafi da ɗamara masu nuna matsayi daga judo. Koyarwar ta kasu uku: tushen motsi, da jerin motsi da ake hardacewa a yi shi kaɗai, da karawa da abokin gwaji bisa ƙa'ida. A ƙasar Hausa kuwa yawancin mutane a gidan silima suka fara ganinsa, shi da danginsa na Sin, cikin finafinan shekarun 1970 irin na Bruce Lee, kafin barikoki da makarantu su fara koyar da shi. Ya shiga wasannin Olamfik sau ɗaya, a Tokiyo a 2021.

In aka ajiye dambe kusa da shi, ba za a ce dambe ya gaza a fasaha ba. Yana da tsayuwarsa, da hannun kariya, da hannun duka wanda ake naɗe wa kara, da turmi uku, da dokar cewa wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Yana da rundunoninsa irin su Kudu da Arewa da Guramaɗa, da makaɗansa, kamar yadda Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago. Amma dambe ya taso ne a hannun mahauta, a lokacin kaka, kuma bai taɓa samun malamin makarantar da zai rarraba shi aji-aji ya cire masa abin da zai raunata yaro ba. Shi ya sa ma'aikaci a Birnin Kebbi zai biya kuɗi a koya wa ɗansa kareti, amma ransa zai ɓaci in ya ji yaron ya naɗa kara. Kokawa ta fi dambe sa'a a ƙetaren iyaka, domin tun 1975 gwamnatin Nijar ta kafa gasar takobi ta ƙasa. Duk da haka gasar zakaru daban take da darasin yara.

7.0 Sanyi

A nan ne tunanin Bahaushe ya fi nisa da na baƙi. A likitancin gargajiya sanyi ba yanayi ba ne kawai, cuta ce mai shiga jiki ta kwanta a gaɓoɓi, a kuma danganta mata ciwo iri-iri. Wannan ne ya sa mai jego take wankan tafasasshen ruwa tana shan kunun kanwa har kwana 40, ya kuma sa uwa take hana ɗanta wanka da sassafe cikin hunturu. Mutumin da aka rena da wannan tunani, in ya ga wani ya faɗa ruwan sanyi da gangan, ba jarunta zai fara gani ba.

Wasu al'ummu kuwa sun ɗauki sanyi a matsayin malami. Masu judo da kareti a Japan suna da horon tsakiyar hunturu da suke kira kangeiko, wanda akan yi da asuba cikin Janairu, wasu ƙungiyoyin ma sukan ƙarasa shi a cikin teku. Manufarsa horar da zuciya ta yi abin da ta yi niyya ko da jiki ya ƙi. A Amurka ƙungiyar masu iyon hunturu ta Koni Ailan ta kafu tun 1903, a Bankuba ta Kanada kuma ana faɗawa teku ranar sabuwar shekara tun 1920. Haɗa abin da taimako daga baya ya zo. A jihar Merilan, alal misali, tun 1997 ake yin irin wannan wanka domin tallafa wa wasannin masu tawayar ƙwaƙwalwa. Yadda abin yake aiki shi ne, mai shiga ruwa yakan bi dangi da abokai su yi alkawarin kuɗi, shi ya biya da wahalar jikinsa, kuɗin su tafi ga mabukata.

Abin yana da haɗari na gaske. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kamar sau 25, kuma wanda ya faɗa ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 yakan ja numfashi ba da sonsa ba a cikin minti na farko, zuciyarsa ta yi ta bugawa, abin da kan halaka mai ciwon zuciya ko wanda kansa yake cikin ruwa a lokacin. Bincike ya nuna shiga a kai a kai yana rage wannan firgita ta jiki.

Gulbin Kabi ba ya ƙanƙara, kuma bukin Argungu yakan faɗo ne a Fabrairu ko Maris, lokacin da hunturu yake ban kwana. Saboda haka kuskure ne a ce su na Matan Fada wankan sanyi ne irin na Turai. Wanda ya san sanyin ruwa a Kabi shi ne masuncin da yake shiga da asubar Disamba da Janairu, iskar hunturu na dukan jiƙaƙƙen jikinsa, ba mai kallo, ba mai tafi. Shi ya sami sabon nan da masu bincike suke magana a kai, ya kuma zama togaciya ga tsoron sanyi na sauran Hausawa. Ta fuskar taimako kuma, Bahaushe ya san ba da ƙarfin jiki domin wani, shi ne gayya. Bambancin shi ne a gayya wahalar ita ce aikin, gona ce ake nomewa, alhali a wankan sanyi wahalar talla ce mai jawo kuɗi.

8.0 Abin da yake cikin haɗari

Tun da horon ruwa na Kabawa a jikin sana'ar su yake, lafiyarsa tana bin lafiyar gulbi. An gama dam na Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, na Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Dukansu biyu suna sama da Argungu, kuma binciken da aka yi a kan fadamun da suke ƙasa da Bakolori ya nuna raguwar ambaliyar da kifi yake hayayyafa a cikinta, da raguwar kamu. In kifi ya ragu, ɗan masunci yakan nemi wata sana'a a birni, abin da ubansa ya sani game da ruwa kuma ya tsaya a kan uban.

Shi ma bukin ba zai iya ɗaukar nauyin adana wannan ilmi shi kaɗai ba. Na farko, kwana huɗu ne a shekara, kuma yana iya tsayawa, kamar yadda ya tsaya bayan na 2009 saboda matsalar tsaro, ba a sake yin sa ba sai a Maris na 2020. Yaron da yake da shekara 8 a wancan lokaci ya zama saurayi bai ga kabanci a fage ba. Na biyu, girman kyauta yana sauya niyya. A 2008 an ƙwace nasara daga hannun wanda aka fara bayyanawa zakara, bayan an gano kifin nasa ba a Matan Fada aka kama shi ba. Buki yana nuna gwanaye, amma ba shi ne yake ƙera su ba.

Wannan magana ba ta adana kayan tarihi ba ce kawai. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, cikinsu har da mata da yara, ya kife a Kwara kusa da Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, waɗanda aka ceto da rai kuwa kimanin 20 ne. Lalle laifin farko na lodin da ya wuce kima ne da rashin rigunan ceto, kuma iyo ba ya maye gurbinsu. Amma abin dubawa ne a ce jihar da duniya ta san ta da gwanayen ruwa, yawancin 'ya'yanta da ba na gidan su ba, musamman mata, ba su da inda za su koyi ko da yadda ake tsayuwa a kan ruwa, ga shi kuwa malamanmu sun daɗe suna lissafa iyo cikin abubuwan da ake so a koya wa yara.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa gudu da faɗa da shiga ruwa duk tsofaffi ne a Kabi, abin da yake sabo shi ne raba su da sana'a a miƙa su ga kowa. Fayif ya rayu a Arewa ba tare da wata sana'a ta riƙe shi ba, domin makaranta ta riƙe shi. Kareti ya fita daga ƙaramin tsibiri ya game duniya domin malaman makaranta sun tsara shi. Gudun titi ya yaɗu domin ba ya bukatar gado. Kabanci da dambe kuwa har yanzu a hannun gidajen da suka gada suke, da kuma 'yan kwanakin buki.

Saboda haka akwai aiki iri biyu a gabanmu. Na farko na masu nazarin harshe ne: a zauna da tsofaffin masunta na Argungu da ƙauyukan fadama a tattara sunayen salon iyo da na nutso da na tuƙi, da matakan da suke bi wajen koya wa yaro, tun masu sanin suna raye. Na biyu na malamai da hukumomin ilmi ne da masarautun Argungu da Gwandu: a yi wa kabanci abin da Itosu ya yi wa kareti, a tsara shi mataki-mataki, masunta su zama malamai a biya su, a keɓe wa mata nasu wuri da nasu masu koyarwa, a kuma zaɓi ruwan da likitoci suka tabbatar ba ya sa tsargiya. In 'yan sha'awar gudu na Birnin Kebbi da 'yan kareti suna neman abin da za su tara wa kuɗi cikin hunturu, ba sai sun nemo ƙanƙara ba, wannan aiki ya ishe su. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Tarihin Kabi ya nuna ilmin yana nan a gida, saura a buɗe shi ga wanda ba a haife shi a bakin gulbi ba.